Idan Rauni Ya Same Ka a Bakin Aiki: Magani, Shaida da Diyya

Wata ranar kasuwa da rana tsaka aka shigo mana da wani saurayi, hannunsa na dama naɗe cikin tsumma, an kuma tuttula masa baƙin mai da nufin tsayar da jini. Ɗan ci-rani ne daga wani ƙauye na jihar Maraɗi, yana aiki a injin niƙa a wannan ɓangare na iyaka. Bel ɗin injin ne ya kama hannun rigarsa, ya ja shi. Yatsu uku suka tafi. Maigidansa ya biya kuɗin ɗinki, ya ba shi kuɗin mota, ya kuma sa ya dangwala babban yatsansa na hagu a wata takarda da ba wanda ya karanta masa. Bayan fiye da shekara ya dawo yana neman shaidar asibiti, domin wani ya gaya masa yana da hakki. Da muka buɗe katinsa, abin da muka tarar a rubuce shi ne “rauni a hannu”. Babu ambaton inji, babu ambaton wurin aiki. Abokan aikinsa da abin ya faru a gabansu duk sun watse, ba shi da lambar ko ɗaya daga cikinsu.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba lauya ba. Amma mu ne mutanen farko da mai rauni ke haɗuwa da su, kuma abin da aka yi ko aka bari a kwanakin farko shi ke yanke ko mutum zai warke da kyau, da kuma ko zai samu diyyarsa. Wannan darasi na 'yan dako ne da 'yan lodi, da yaran shago da yaran mota, da masu aikin inji, da leburorin gini, da 'yan aikin gida, da iyalansu. Na iyayen gida ne kuma, domin da yawa daga cikin masu karanta wannan takarda su ne masu ɗaukar wasu aiki.

Jiki tukuna

Kafin a yi maganar takarda, a ceci jiki. Idan jini na zuba, a sa kyalle mai tsabta a danne wurin da ƙarfi, a ɗaga gaɓar sama, kada a riƙa ɗaga kyallen ana leƙawa. Ƙaramin rauni a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu. Kada a zuba baƙin mai, ko toka, ko ƙasa, ko garin magani. Duk waɗannan ƙazanta suke turawa cikin nama, kuma sai mun ƙanƙare su kafin mu yi ɗinki, wanda hakan ƙarin azaba ce ga majinyaci. Ƙuna kuwa a zuba mata ruwa mai sanyi na kimanin minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki ko ɗanyen ƙwai. Idan sinadari ya fantsama a ido, kamar ruwan batir ko siminti ko maganin ƙwari, a yi ta wanke idon da ruwa na aƙalla minti 15 kafin a kama hanya. Idan yatsa ya guntule, a naɗe shi a kyalle mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar a ruwan sanyi, a tafi da shi tare da majinyacin. Likita ne zai ce ko zai yi amfani.

Wanda ya faɗo daga saman mota ko gini, ko buhu ya danne shi, yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ƙafafunsa sun mutu, kada a ɗora shi a babur. A kwantar da shi miƙe a kan katako ko ƙyaure, mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya juya, a ɗauke shi gaba ɗaya. Na ga mutanen da faɗuwar ba ta nakasa su ba, ɗaukar da aka yi musu ce ta ƙarasa laka. Wanda kuma ya bugu a ka, ko da ya tashi ya ce lafiya lau, a sa masa ido kwana biyu. Amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, ko ruwa ko jini daga kunne ko hanci, duk alamu ne na a garzaya asibiti cikin dare ko rana.

A tambayi allurar cutar sarƙe-haƙora, wato tatanus. Ƙwayar cutar tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, abin da kasuwanninmu ke cike da shi, kuma takan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, lokacin da raunin ma ya fara rufewa.

Maganar masu ɗori kuwa, na san ba za a daina zuwa wurinsu ba, wasunsu ma sun gaji sana'ar kuma sun iya ta. Roƙona biyu ne. Karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce, ba ta gida ba. Sannan a yi hoton ƙashi kafin a je ko'ina, domin hoton yana nuna irin karayar, kuma shi ne shaidar da hukuma za ta karɓa, mai ɗori ba ya ba da takarda. Idan an ɗaure gaɓa da karare ta kumbura, yatsu suka yi sanyi ko suka yi baƙi, a kwance nan take a nufi asibiti, in ba haka ba yanke gaɓar ne zai biyo baya.

Abin da za ka faɗa a asibiti

Wannan ne wurin da saurayin nan ya yi asara, mu ma muna da namu kason laifin. Idan ana buɗe maka kati, ka faɗa a fili cewa a wurin aiki ka ji rauni. Ka faɗi rana da lokaci, da wurin, da aikin da kake yi, da abin da ya ji maka: inji ne, buhu ne, tsani ne. Ka roƙi a rubuta haka, in da hali a karanta maka. Wani lokaci maigida ne ke kawo mai rauni, shi ke amsa tambayoyi, sai a ji ya ce “a gida ya faɗi”. Kunya ko tsoro su hana yaro musantawa. Ɗan'uwan da ya raka majinyaci, wannan aikinka ne. Ka gyara maganar cikin ladabi tun a lokacin, domin abin da aka rubuta ranar farko ya fi duk abin da za a faɗa daga baya nauyi.

Kowace takarda a adana ta: katin asibiti, rasit na magani, hoton ƙashi, takardar sallama, takardar hutun da likita ya bayar. A ɗauki hotonsu a waya, a tura wa wani ɗan'uwa, domin waya tana ɓata, takarda kuma ruwa ko gara na iya cinye ta. A ɗauki hoton raunin da na wurin da abin ya faru kafin a gyara injin ko a share wurin. A rubuta sunayen mutum biyu ko uku da suka gani, da lambobinsu, da sunan garinsu. A kasuwar iyaka sunan gari yana da muhimmanci ƙwarai, domin da damina ta faɗi kowa gona yake komawa.

Abin da dokar Nijeriya ta tanada

A shekarar 2010 Nijeriya ta kafa Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka. Hukumar da ke kula da asusun diyyar ita ce NSITF, tana da ofisoshi a jihohi. Maigida ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata. Doka ta hana shi cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci.

Da yawa sun ɗauka dokar ta ma'aikatan gwamnati da na manyan kamfanoni ce. Ba haka ba ne. Ma'aikaci a wurin wannan doka shi ne duk wanda wani ya ɗauka aiki, da yarjejeniya a rubuce ko da baki, na dindindin ko na wucin gadi ko na yini, har da mai koyon sana'a da ɗan aikin gida wanda ba ɗan gidan ba ne. Ta ambaci sana'o'in da ba su da rajista ma. Ba ta kuma ce sai ɗan Nijeriya ba. Saurayin Maraɗin nan yana ciki. Wani abu mai muhimmanci shi ne ba sai ka tabbatar da cewa maigida ne ya yi sakaci ba. Abin da ake dubawa shi ne raunin ya same ka ne ta dalilin aikin kuma a cikinsa. Haɗarin da ya rutsa da kai a hanya tsakanin gida da wurin aiki yana iya shiga, haka ma ciwon da aikin ya jawo a hankali, kamar kurumta saboda ƙarar inji ko ciwon huhu saboda ƙura.

Akwai wa'adi uku da ya kamata kowa ya haddace. Kai ma'aikaci, ko iyalinka in ba ka iyawa, ku sanar da maigida cikin kwana 14. Maigida ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7 da faruwar abin, in kuwa rasuwa ce nan take. Takardar neman diyya kuma a shigar da ita cikin shekara 1. Idan akwai wani uzuri na musamman da ya hana, hukumar na iya saurara har zuwa shekara 3, amma wannan alfarma ce, kada a dogara da ita.

Za ka ce ai a gaban maigida abin ya faru, me kuma za a sanar da shi? A sanar da shi duk da haka, ta hanyar da za ta bar alama. Saƙon waya ya isa: sunanka, ranar, wurin, abin da ya faru. Kada ka goge saƙon. In ba ka rubutu, ka tura saƙon murya, ko ka je da shaidu biyu.

Abin da asusun ke biya ya haɗa da kuɗin magani, da diyyar lokacin da ba ka iya aiki, da taimakon komawa sana'a ko koyon wata. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada ana ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Mai albashin naira 60,000 ke nan zai riƙa karɓar 54,000. Wanda ya rasa wani ɓangare, kamar yatsu ko ido ɗaya, ana ƙiyasta abin da nakasar ta rage masa na samu a biya shi gwargwado. Idan ma'aikaci ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye waɗanda suka dogara da shi, iyalin na samun kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, in ɗa ɗaya ne kashi 85. Ga matar da ta rasa miji haka, takardar shaidar mutuwa daga asibiti da shaidar aure da ta haihuwar yara su ne jarinki. Na san muna gaggawar jana'iza, kuma daidai ne, amma wani daga cikin dangi ya tsaya ya karɓi takardar.

Idan hukumar ta ƙi biya ko ta biya abin da ba ka gamsu ba, kana da kwana 180 ka nemi ta sake duba hukuncin. Daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano da wasu birane. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da taimakon shari'a kyauta a babban birnin jiharsa.

Abin da dokar Nijar ta tanada

A Jamhuriyar Nijar asusun CNSS ne ke ɗaukar nauyin haɗarin aiki, kuma a nan ma maigida kaɗai ke biyan kason wannan ɓangare. Wa'adin ya fi na Nijeriya gajarta: maigida zai bayyana haɗarin cikin awa 48. Don haka ka sanar da shi a ranar, kada ka jira. Idan ya ƙi, kai ko iyalinka ku tafi ofishin sufeton ƙwadago na jiharku, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Doso, ku kai maganar da kanku. Asusun yana biyan kuɗin magani. Yana kuma biyan rabin ladan yini a kwana 28 na farko, daga rana ta 29 kuma kashi biyu cikin uku. Mai samun sefa 3,000 a yini zai karɓi 1,500 da farko, daga baya 2,000, har ya warke ko likita ya ce raunin ya tsaya inda zai tsaya. Idan nakasa ta saura, likita ne ke auna ta a yanka diyya. Takardar likita ta farko da ta ƙarshe su ne ginshiƙin komai, kada a bar asibiti ba tare da su ba.

Ga mai aiki a tsallaken iyaka, galibi dokar ƙasar da aka ɗauke ka aiki ita ke aiki a kanka, ba ta ƙasar haihuwarka ba. Kuskuren da na fi gani shi ne, da an ɗaure rauni sai dangi su ce a kai shi gida a yi jinya. Jinya a gaban uwa tana da daɗi, ba na musu. Amma kafin a tsallaka, a sanar da maigida, a karɓi takardun asibitin farko, a bar wakili amintacce a garin da zai bi maganar. In an ci gaba da magani a can gida, a je asibiti mai hatimi, a riƙa karɓar takarda. Ko da Faransanci aka rubuta ta ko da Turanci, ana iya fassara ta.

Gaskiyar kasuwa

Ba zan ɓoye muku ba, mafi yawan shaguna da injina da garejin da muka sani ba su yi rajista da NSITF ko CNSS ba. Rashin rajista laifin maigida ne, ba na yaro ba, kuma ba ya wanke shi daga alhaki. Sai dai hanyar takan yi tsawo, sai an bi ta ofishin ƙwadago ko kotu. Akwai kuma ɗan dakon da ba shi da maigida ɗaya, duk wanda ya kira shi ya ɗaukar masa kaya ya biya shi. Irin wannan da wuya a ce ma'aikacin wani ne. Amma wanda kullum a sito ɗaya yake, mutum ɗaya ke ba shi umarni yana biyansa, wannan ma'aikaci ne ko da ba a taɓa rubuta komai ba. Ga na farkon, abin da na ga yana ceto shi ne asusun ƙungiya, inda kowa ke zuba ɗan abu duk ranar kasuwa saboda ranar tsautsayi.

Saboda haka yawancin maganganu a gaban sarkin kasuwa ko shugaban ƙungiya ko mai unguwa suke ƙarewa. Sulhu ba aibu ba ne, yakan fi sauri, kuma yakan bar zumunci. Amma a yi shi da ido buɗe. Kada a yanke adadi tun rauni yana ɗanye. Hannun da ake zaton zai warke cikin wata ɗaya yana iya sandarewa, ƙafar da aka ɗora tana iya buƙatar tiyata. A jira likita ya faɗi inda aka tsaya. A raba lissafi gida uku: kuɗin magani har da na gaba, ladan kwanakin da aka yi kwance, da diyyar abin da ba zai dawo ba. Maigida da yawa suna biyan na farko, su ɗauka sun gama. A rubuta abin da aka amince, da ranakun biya, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Kada ka dangwala yatsa a takardar da wani naka bai karanta maka ba. A sani kuma, dokar Nijeriya ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da maigida cewa ya yafe diyyar da doka ta ba shi, ba ta da ƙarfi. Takardar da saurayin nan ya dangwala ba ita ta kayar da shi ba, rashin shaida ne da wucewar lokaci.

Akwai masu cewa ƙaddara ce, neman diyya kamar ƙin yarda da hukuncin Allah ne. Ƙaddara ce, babu shakka. Amma diyyar rauni sananniya ce a addini da al'ada, malamai sun yi bayaninta gaɓa-gaɓa. Wanda ya ga dama ya yafe, wannan alherinsa ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a taru a kan yaro marar galihu, a kunyata shi har ya yafe abin da matarsa da 'ya'yansa za su ci.

Ga iyayen gida

Alhaji mai sito, Hajiya mai gidan abinci, ku yi lissafi. Yaron da kuke biya naira 50,000 a wata, kasonsa a asusun naira 500 ne. Ku kwatanta wannan da kuɗin tiyatar ƙashi ɗaya, ko da ciyar da iyalin mamaci. Idan kun yi rajista kuna biya, nauyin diyyar yana komawa kan asusun. Ku riƙe littafi mai sunayen yaranku da ranar da suka fara da abin da ake biyansu, domin da shi za a lissafa hakkinsu, kuma shi zai kare ku daga ƙarin da ba gaskiya ba.

Yawancin raunukan da muke ɗinkewa da kuɗi kaɗan ake hana su. Murfin ƙarfe a kan bel ɗin inji. Kashe inji kafin a sa hannu a cire abin da ya toshe. Riga mai gajeren hannu ga mai niƙa. Tabarau ga mai walda da mai wasa ƙarfe. Buhu mai kilo 100 mutum biyu su kama ko a sa baro, kada a jera buhuna su wuce inda za su iya rikitowa. Ƙwayar maganin ƙwari da ake sa wa wake da masara iska mai guba take fitarwa, don haka kada a bar yaro ya kwana a siton da aka sa ta. Kowane shago ya ajiye bandeji da safar hannu da sabulu da jarkar ruwa mai tsabta, a kuma rubuta lambar wani direba da ta asibiti mafi kusa a jikin bango inda kowa zai gani.

Duk wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko ɗan'uwansa, yana iya zuwa wurin ma'aikatan lafiya na unguwa da takardunsa. Za mu duba raunin, mu karanta masa abin da aka rubuta a katinsa, in akwai gyara a nemi likitan da ya duba shi ya gyara tun bai manta ba, mu kuma nuna masa ofishin da ya kamata ya nufa a ɓangaren iyakar da yake aiki. A zo cikin makon farko.